Bazarar da Nasiru Yake Aji Uku

Matso nan kusa, 'yar'uwa, ke da kike da yaro a firamare. Kai ma baban yara kada ka zame, da kai ake. Wani abu nake so ku ji, kuma zafin azumin bana ne ya tono min shi daga inda ya kwanta.

Kun dai ga yadda garin Bauchi ya koma a watan nan. Tun hantsi bango yake ɗaukar zafi, in ka jingina da shi sai ka zabura. Shekaranjiya ina kwance a kan tabarma a gidanmu na Ƙofar Ran, na jiƙa ɗankwali na rufe fuska, sai ga Rukayya matar ɗana ta shigo, tun daga Fadaman Mada, tana jan jikata Husna a hannu. Ko mayafi ba ta sauke ba ta fara.

"Mama, yarinyar nan baya take komawa. Bara in ta ɗauki littafi sai an ce ta yi shiru. Bana da ta shiga aji uku, kalma ɗaya sai ta yi ta taunarta kamar ganda. Littattafanta duk ta cakuɗa su da biro, in an ce aikin gida kuwa sai kuka."

Husna ta ɓuya a bayana. Na ce mata, "Ƙawata, rabu da ita. Ke kuma Rukayya zauna ki sha iska, azumi kike. Uban yarinyar nan haka ya yi min, a aji uku, a irin wannan zafi." Labarin da na ba ta ranar, shi zan ba ku.

An yi shekara talatin da 'yan kai. Kun san yadda azumi ke zagayawa, ya bi sanyi, ya bi damina, ya dawo bazara. To wancan karon ma a tsakiyar bazara ya faɗo, kuma ya same mu ba mu da ƙarfi. Daminar da ta wuce, ruwa ya ɗauke gero yana tsakiyar fitar da kai. Mijina, Malam nake ce masa, tela ne a bakin kasuwa, da damina kuma yana noma gonar gado a Tirwun tare da wansa Yaya Garba, wanda yake zaune a can. A lokacin Tirwun gonaki ne iya ganinka, ba waɗannan gidajen bulo da suka cinye ta yanzu ba. Abin da Malam ya kawo gida a kakar nan, tun kafin a ga watan azumi kwanon awo ya fara taɓa gindin buhu.

Ga kuma rashin ruwa. Rijiyar tsakar gida ta ƙafe, guga ya tafi ya dawo da taɓo. Famfon bakin titi sai ya ga dama yake zuwa, in ya zo ma kamar mai jin kunya. Ana idar da sallar asuba yara ke fita da bokitai su bi layi, wanda ba shi da bokiti na biyu ya ajiye dutse ya ce layinsa ne, a yi ta rigima a kan dutse. Ruwan da ya shigo gida kuwa ba ya fita sai ya yi aiki biyu. Na wankin gero a ba akuya. Na ɗaurayar kwanuka a yayyafa a tsakar gida. Na alwala mu tara a wata tsohuwar tasa, mu juye a kan yashin da randa take zaune a kai, don randar ta riƙe sanyi. Babu ƙanƙara, babu ruwan leda, balle fankar sola irin wadda ke kaɗa ni yanzu. Duk sanyin gidan nan a gindin randa yake.

Mu uku ne matan gidan, ni da matan ƙannen Malam biyu, sai surukarmu Inna a kanmu. Da ta ga yadda hatsi ya yi, Inna ta ce ba za a hura murhu uku ba, tukunya ɗaya za a ɗora. Da hantsi, kafin rana ta yi ƙarfi, kowa ta kawo abin da take da shi a haɗa a turmi, biyu na surfe, ɗaya na bakace. A wanke, a jiƙa, a aika inji, a tace. Tsamiya tana jiƙe tun safe. Daga azahar gida ya mutu, ba mai motsi, kaji ma sun buɗe baki sun saki fukafukai a ƙarƙashin rumfa. Sai bayan la'asar mu tashi kamar waɗanda aka tono, a dama kunu, a tuƙa tuwo. Ƙosai sai jefi-jefi, shi ma Inna ke rabawa da hannunta don kada a yi faɗa. Sahur kuwa ɗumamen tuwon dawa ne da miyar kuka, mu manya mu ɗan taɓa mu tura wa yara sauran. Har yau in na ji ƙamshin kunun tsamiya yana tasowa daga tukunya, sai harshena ya tuna yadda yake bushewa kamar fata a wancan azumin.

Nasiru, ɗana na biyu, shi ne yake aji uku a shekarar. Haƙoran gaba sun fito masa manya-manya, wandon makaranta ya haye gwiwa. A aji ɗaya da aji biyu shi ne abin nunawa a gidanmu. In baƙi sun zo Malam zai ce, "Nasiru, ɗauko littafinka." Ya tsaya ƙyam, ya buɗe, ya zuba kamar rediyo: "Tanko yana da akuya. Akuyar Tanko fara ce. To, ku sake! Akuyar Tanko fara ce. Ɗanladi, juyo nan!" Baƙi su fashe da dariya, mu ma mu yi. Mun ɗauka shaƙiyanci ne na yaro, yana kwaikwayon malaminsa. Kullum kuma a wuri ɗaya yake cewa "Ɗanladi, juyo nan", ko tarin da malamin ke yi bai bari ba. A gidanmu wanda ya iya zubo karatu da ka shi ake kira mai ƙwaƙwalwa, don haka ba wanda ya tambayi inda idonsa yake kallo.

Aji uku kuwa wani gari ne dabam. Ni ban taɓa shigarsa ba, a aji biyu na tsaya. Abu na farko, aka karɓe fensir aka ba su biro. Da, in yaro ya yi kuskure sai ya goge, yanzu kuskure zama yake yi yana kallonka. Nasiru ya gwada gogewa da yawu har takarda ta huje. Aka daina sakinsu da wuri tare da ƙanana. Aka shigo da haddar lissafi, biyu sau biyu, uku sau uku, wannan kam nan da nan ya haɗiye ta, tunda rerawa ake yi. Aka fara ba su aikin gida. Babban abin kuma, aka daina karatun taro, inda malami zai faɗa aji ya amsa. Sabuwar malamarsu ɗaya-ɗaya take tayar da su, in za a yi gwaji kuma ta rubuta tambaya a allo ta koma ta zauna, ba ta karanta wa kowa.

Sai yaro ya canza. Ciwon ciki kowace safiya, wanda ke warkewa da zarar lokacin makaranta ya wuce. Littafi ya ɓata, sai in tsince shi a bayan buhun gawayi. In baƙi sun zo ya sulale waje.

A farkon azumi, da azahar, rana tana tsakiyar ka, aka yi sallama. Malamar ajinsu ce, Malama Rifkatu, 'yar wajen Dass, doguwa mai yawo da laima. Kirista ce, ba azumi take ba, amma da na kawo mata ruwa ta ce ba za ta sha a gaban masu ƙishi ba. Inna ta ce, "Sha, 'yata, ladan namu ne, kada ki hana mu." Ta sha, ta goge gumi, sannan ta dube ni.

"Maman Nasiru, yaronki yana da kai, kada ki ji tsoro. Amma da kunne yake karatu, ba da ido ba."

Na ce, "Haba Malama, yaron da ke karanta littafi daga bango zuwa bango?"

Ta ce a kira shi. Ta buɗe littafin ta tsakiya, ta rufe hoton da tafin hannu, ta ɗora yatsa a kan kalma ɗaya a ƙarshen layi. "Wannan fa?" Nasiru ya dubi kalmar, ya dubi hannun da ya rufe hoton, ya dube ni. Ya ɗauko daga "Tanko yana da akuya". Ta ce, "A'a, wannan kaɗai." Sai hawaye suka zubo masa.

Inna ta leƙo daga ƙofar ɗakinta. "Af! Angona, ashe aku na aura?" Ba wanda ya taya ta dariya, ita ma ta katse.

Malama ta dafa kansa ta ce, "Ba shi kaɗai ba ne. Aji uku ne ke tona su, kowace shekara haka nake gani. Littafin nan ki ɓoye shi, ya riga ya haɗiye shi. Kin san baƙaƙe?"

"Na san su, sai dai mun daɗe ba mu gaisa ba."

"Ya isa. Ki riƙa rubuta masa sunan abin da ke cikin gida, wanda bai taɓa ji a aji ba, ya haɗa da kansa. Zai yi ta tuntuɓe, ki bar shi ya yi. Ni ma a makaranta ina yin nawa."

Bayan an sha ruwa na gaya wa Malam. Shi ne fa mutumin da ya sha gaya wa abokansa a bakin shago cewa ɗansa ya fi 'yan aji biyar. Sai ya ce, "Wato duk shekarun nan waƙa yake yi mana." Ya juya ludayi a cikin kunu. "Yaya Garba ya daɗe yana roƙona in ba shi yaro, nasa duk sun watse. Bana in ba mu ƙara hannu a gonar nan ba, abin da muka gani bara shi za mu sake gani. In boko bai karɓe shi ba, gara ya koyi fartanya tun bayansa na lanƙwasuwa. Ranar da aka yi ruwan shuka zan kai shi Tirwun, ya zauna can."

"Malam, a ba shi lokaci."

"Na ba shi. Daga nan zuwa ruwa."

Ba mugunta ba ce, kada ku ɗauka haka. Shi yunwa yake hangowa. Ni kuma ina hango yaran unguwarmu da aka kai ƙauye don damina ɗaya, ba su ƙara saka yunifom ba.

Washegari da azahar, lokacin da gida ya mutu, na ja shi gindin randa. Na shafe yashin da tafin hannu ya yi sumul, na zaro tsinke daga tsintsiya. Yashin yana da danshi da ɗan ƙamshin ƙasa, sanyinsa na ratsa gwiwa. Na rubuta "randa". Rabona da rubutu tun ina yarinya. Ya duba ya ce, "Tanko." Na ce, "Tanko ya tafi da akuyarsa, ba ya gidan nan."

A shekarar ne ya fara gwada azumi. Zai kai azahar ya galabaita, Inna ta ba shi ruwa ta ce kada ya damu, ita ta iya ɗinki, rabin yau da rabin gobe za ta haɗa masa su zama guda. Da wannan na kama shi. Na ce, "Ka ga yadda Inna ke haɗa maka azumi? Ga rabi, ga rabi, haɗa." Ran, da. Tur, mi. Ta, sa. In ya kuskure in shafe da hannu, babu jan biro, babu wanda ya gani. Wannan shafewar ita ta fara kwantar masa da hankali.

Ba zan ce muku abin ya zo da sauƙi ba. Da yunwa nake, kaina na sarawa, leɓe ya tsage, ga yaro yana kallon "guga" yana ce min "gora". Akwai ranar da na ɗaga tsintsiya, Inna ta yi gyaran murya daga ɗaki, na sauke. Akwai ranar da shi ya yi jifa da tsinken ya ce gara gona, a gona ba a tayar da mutum a yi masa dariya. Matan gidan suka shigo ciki ba tare da na roƙe su ba. Ranar da tacen gasara ya faɗo kaina sai ɗaya ta karɓa, ta ce in je wurin ɗalibina. Ruwan alwalar kowa a tasata yake ƙarewa, don kada yashin ya bushe. Inna kuwa, wadda ba ta san ko baƙi ɗaya na boko ba, ita ta naɗa kanta mai zaɓen kalma. Tana kwance tana fifita za ta ce, "Rubuta masa malalaci, ya san sunansa." Ya ce, "A'a, Umma, rubuta tsohuwa." Ranar ya haɗa "tsohuwa" tun kafin in gama wutsiyar baƙin ƙarshe.

Wajen tsakiyar wata ya fara kamawa, a hankali, kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu. Ya koma duk inda ya ga rubutu sai ya tsaya. In na aike shi sayen gishiri ya daɗe, ya dawo ya karanto min abin da yaran unguwa suka rubuta da gawayi a bangon lungu, har da wanda bai kamata ya shiga bakin mai azumi ba.

Ɗoki ya ɗebe ni. Malama ta ara masa wani littafi da bai taɓa gani ba, na ce ya karanta wa babansa bayan shan ruwa. Ya zauna, ya ɗora yatsa a layi, ya fara. Ya ja, ya tsaya, ya koma baya, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Layi ɗaya ya ci lokacin da a da yake cinye shafi. Malam ya ajiye ludayi.

"Wannan shi ne gyaran? Da yana zuba kamar ruwa, yanzu kin mayar min da shi mai in'ina. Ke da malamar taku kun ƙarasa shi."

"Malam, a da ba karatu yake yi ba."

"Yanzun ne yake yi?"

Ya ɗauki hularsa ya tafi asham. Nasiru ya rufe littafin a hankali ya tura shi ƙarƙashin tabarma.

Zafi ya ƙaru. Hadari ya riƙa haɗuwa ta gabas, ya yi baƙi a kan duwatsu, ya yi ta cida, sai iska ta watsa shi. Ƙurajen zafi suka feso wa yara a wuya da baya. Aka yi shela, maza suka fita roƙon ruwa. Mu a gida Inna ta tara mu tana addu'a muna amsawa. Kowa a garin nan ruwa yake nema, ni ma maƙogwarona shi yake nema. Amma duk lokacin da na ji cida gabana faɗuwa yake yi. Inna kunne gare ta. Da aka shafa ta jira sauran suka tashi, ta ce, "Ke, amin ɗinki yau ba ta ci sahur ba." Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Kada ki yi wa gari rowar ruwa, 'yar nan. Ki roƙi ruwa, ki roƙi kan yaron ya riga shi buɗewa. Wanda kike roƙo yana da duka biyun." Haka na koma yi.

Wata rana aka yi yayyafi, ƙasa ta yi ƙamshi. Malam ya fita tsakar gida ya tona da yatsa, ya ga ƙasan a bushe. Ya ce, "Wannan bai isa shuka ba." Na koma gindin randa na shafe yashi.

A goman ƙarshe, ranar wata Juma'a, bayan la'asar gari ya yi tsit, ko ganye ba ya motsi. Sai wata iska mai sanyi ta bugo, ta kwashe shanya daga igiya. Malam ya shigo yana tura kekensa da buhun takin zamani a baya, wanda shi da Yaya Garba suka daɗe suna nema. Ya sauke shi a zaure. Bai gama naɗe igiya ba ruwa ya kece. Ba yayyafi ba, ruwa na gaske, mai dukan kwanon rufi har ba ka jin maganar na kusa da kai. Muka fito da duk abin da ke da baki, bokiti, baho, tukunya, har turmi. Muka bar na farko ya wanke rufi, sannan muka tara. Yara suna tsalle a ƙarƙashin indararo. Ka ga manyan mata da azumi a baki, ruwa na bin fuska, an damtse leɓe ana dariya ta hanci.

Malam ya leƙo daga zaure ya ɗaga murya. "Wannan ya isa shuka. Ki haɗa masa kayansa, da asuba za mu wuce."

Na shiga ɗaki na ɗaure masa rigunansa a ɗankwali. Yunifom ɗin na riƙe a hannu, na rasa inda zan sa shi. Na fito neman Nasiru, ban gan shi cikin masu wasan ruwa ba. Da na kai bakin zaure ta ciki sai na ji muryarsa ƙasa-ƙasa. Yana tsugune a gaban buhun, ya ba uban baya. Malam na zaune a kan buzu da carbi yana jiran magariba. Yaron ba don kowa yake yi ba, ya dai saba, in ya ga rubutu sai ya tsokane shi.

"A... a-ji-ye... a bu... busas... busasshen wu-ri. Ka-da ru-wa... ya ta-ɓa." Ya ɗaga kai ya dubi inda rufin zauren ke ɗiga. "Baba, an ce kada ruwa ya taɓa."

"Wannan na sani tun ba a haife ka ba. Wa ya ce?"

"Buhun."

Carbin ya tsaya a hannun Malam. Buhun nan yanzu ya shigo gidan, ba malamin da ya taɓa rera shi a aji. Ya taso ya juya shi, ya ɗora yatsa a wani wuri. "Nan fa?"

Nasiru ya daɗe yana kallo. "Ban sani ba. Turanci ne. Na ga baƙaƙen, amma ban san abin da suke nufi ba."

"Nan?"

"Ta-kin... za-ma-ni."

"Sake."

Ya sake. Wannan karon Malam ba buhun yake kallo ba, bakin yaron yake kallo, da yatsan da ke rarrafe a ƙarƙashin baƙaƙen. Sai na ji ya yi wata 'yar dariya ta cikin maƙogwaro.

"Ikon Allah. Ashe farfaru yake yi."

Ga wanda bai yi makarantar allo ba, farfaru shi ne matakin da yaro, bayan ya san baƙaƙe, yake haɗa kowane baƙi da wasalinsa, ɗaya bayan ɗaya, yana tuntuɓe. Malam ya juyo ya gan ni a tsaye da ƙullin kaya. Ya ce, "Ni damina guda na yi a kansa, har malaminmu ya ce kaina dutse ne. Rannan zubin da ya saba yi nake nema, ban kalli bakinsa ba." Ya ja buhun ya raba shi da ɗigon. "Ba zan ɗauke yaro daga gaban malami yana tsakiyar farfaru ba. In ya tashi yanzu, da baƙin da wasalin duk zubewa za su yi."

Na ce, "To kayan fa?"

"Rage su, riga ɗaya ta isa. Gobe Asabar, zai riƙe min ƙwaryar iri, jibi da yamma in dawo miki da shi. Ki wanke yunifom ɗin nan, ga ruwa ya samu."

Ashe Inna tana bayana, ta rufe kai da faifai. Ta ce, "Za a dawo min da angon nawa? To madalla, da har na fara duba wani." Ladan ya kira salla, muryarsa na zuwa tana ɓacewa cikin ruwa. Na kamfaci ruwan sama a moɗa na kafa kai, sanyinsa ya bi ni har tafin ƙafa.

Haka aka yi daminar, makaranta daga Litinin zuwa Juma'a, Tirwun Asabar da Lahadi. Kada ku zaci ya zo na ɗaya, bai ko kusa ba. Turanci ya ba shi wuya har ƙarshen shekara, rabawa a lissafi ta sa shi kuka, biro ya fashe masa a aljihu ya ɓata rigar da ba ta da canji. Ya koyi musu, komai na faɗa sai ya ce, "Malama ba haka ta ce ba." Ya yi abokai da ban san gidajensu ba. Amma in'inar ta riƙa raguwa, har wata rana ina tsinke zogale na ji yana karanta wa ƙanwarsa wani abu yana dariya a tsakiya, don ya gane abin da ke ciki. Ya wuce zuwa aji huɗu a tsakiyar 'yan ajinsu, da ƙafarsa. Gero ma ya yi kyau a shekarar.

To ku fa, naku ɗan aji ukun, ranar da kuka ji shi yana karatu, kun kalli bakinsa da yatsansa kuwa, ko zubin kawai kuka saurara?